Nawa Mashayin Taba Zai Biya Don Ya Rabu da Ita? Tambayoyi da Amsoshi

Ina yaro na ga kawuna ya murƙushe kwalin sigari da hannunsa, ya jefa a kwandon shara, ya ce daga yau shi da taba haihata haihata. Da tsakar dare na ji motsi, na leƙa, sai ga shi durƙushe da tocila a baki yana tona sharar, yana neman karan da bai karye ba. Da safe ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, kada ka gaya wa mahaifiyarka abin da ka gani." Ya yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Da akwai maganin da zai cire min abin nan, wallahi da na sayar da babur ɗina na saya."

Wannan magana ta babur ba ta bar ni ba. Tambayoyin da ke ƙasa duk a kanta suke zagaye: shin mashaya taba da gaske suna daraja magani mai kyau kamar yadda kawu ya faɗa, kuma idan haka ne, me ya sa 'yan kaɗan ne suke samunsa?

Da gaske mashaya taba suna son bari, ko faɗa ce kawai?

Suna so. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin manya biliyan 1.25 da ke amfani da taba a duniya, sama da kashi 60 cikin 100 suna son dainawa, wato mutum fiye da miliyan 750. A Amurka, inda ake bin lissafin a kai a kai, alƙaluman 2022 sun nuna kusan mashaya biyu cikin uku suna son bari, kuma fiye da rabinsu sun gwada a cikin shekarar. Waɗanda suka dace ba su kai kashi 9 cikin 100 ba.

Akwai wani binciken da ya fi taɓa ni. A farkon shekarun 2000 an tambayi dubban mashaya a Amurka da Kanada da Birtaniya da Ostireliya cewa da za a dawo da hannun agogo baya, za su sake fara shan taba? Kusan tara cikin goma suka ce a'a. Da wuya ka sami wani kaya a duniya da masu sayensa kullum suke nadamar saninsa haka.

To in suna so, me ya hana su ajiye ta kawai?

Wanda bai taɓa sha ba yakan yi saurin cewa sabo turken wawa. Amma abin da ke ɗaure mashayi ya wuce sabo. Idan ya zuƙi hayaƙi, nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya sa ta saki sinadarin da ke kawo jin daɗi da natsuwa. Bayan kamar awa biyu rabin nikotin ɗin ya bar jini, jiki ya fara nema. Wanda yake shan kara 20 a rana, idan kowane kara zuƙa goma ne, ya yi zuƙa 200 kenan a yini, sama da 70,000 a shekara. Kowace zuƙa tana koya wa ƙwaƙwalwa darasi ɗaya: in ka gaji ga mafita, in ranka ya ɓaci ga mafita, in ka ci ka ƙoshi ga abin rufewa.

Ranar da aka daina, jiki yana tayar da ƙayar baya. Fushi ba dalili, rashin barci, kasa tattara hankali a kan aiki, yawan jin yunwa, da wata ƙishirwa da ruwa ba ya kashe ta. Abin ya fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, amma sha'awar takan riƙa kawo ziyara har bayan watanni. Shi ya sa cikin mutum 100 da suka ajiye taba da ƙarfin zuciya kaɗai, uku zuwa biyar ne suke kai wata shida ko shekara ba su koma ba. Wani bincike da aka yi a Kanada aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa mashaya da yawa sai sun gwada sau 30 ko fiye kafin su dace.

Ta yaya ake auna darajar da mutum yake bai wa magani? Ai abu ne na zuci.

Masana tattalin arzikin lafiya suna bin hanya uku. Ta farko ita ce tambaya kai tsaye: a siffanta wa mashayi wani magani, a ce ya ninka wanda ke kasuwa ƙarfi, a faɗi farashi, a ji ko zai saya. In ya ce e, a ɗaga farashin, in ya ce a'a, a sauke, har a gano inda ya tsaya. Ta biyu ta fi dabara. Ana nuna masa magunguna biyu na misali a jere, wannan ya fi ƙarfi amma yana sa tashin zuciya, wancan ya fi araha amma sai an je wurin likita, a ce ya zaɓa. A sake canza siffofin, ya sake zaɓa, sau da yawa. Daga zaɓin nasa ake lissafa abin da ya fi masa nauyi, ko da shi kansa bai iya faɗa da baki ba.

Ta uku ita ce a daina tambaya a zuba ido: me mutane suke yi idan an rage farashi, ko an ba da kyauta, ko an nemi su ajiye kuɗinsu a kan alkawari? Ni na fi yarda da wannan, domin faɗa daban, cikawa daban. Mutum yana iya ambaton kuɗi mai yawa a takardar tambayoyi tun da ba daga aljihunsa za a cira ba. Sai dai hanyoyi biyun farko ma suna da amfaninsu, don su kaɗai ne za su gaya maka darajar maganin da ba a riga an ƙirƙiro ba.

Me mashaya suka fi nema a jikin magani?

Irin waɗannan tambayoyi da aka yi wa mashaya a Amurka da Suwizalan sun nuna abu uku. Na gaba shi ne ƙarfin maganin: da zarar an ce damar bari ta ƙaru, abin da suke shirye su biya yana ƙaruwa. Na biyu rashin wahalarwa, wato kada maganin ya kawo laulayin da zai sa a gudu. Na uku, wanda mutane da yawa ba su zata ba, shi ne ya hana ƙiba bayan an bari.

Ƙiba kuma? Ina ruwan wanda ke gudun ciwon daji da ƙiba?

Ciwon daji yana can gaba, ba a ganinsa. Wandon da ya ƙi shiga kuwa gobe da safe za a gan shi. Nikotin yana rage cin abinci, yana kuma sa jiki ya ɗan ƙara ƙona abin da aka ci. Idan aka daina, ɗanɗano da ƙamshi suna dawowa, baki da hannu suna neman abin yi. Wani nazari da ya tattara bincike da dama aka wallafa a 2012 ya gano cewa a tsaka-tsaki ana ƙara kilo 4 zuwa 5 cikin shekarar farko, mafi yawansa a wata ukun farko. Ba kowa ba ne: wasu ramewa ma suke yi, wasu kuma suna haura kilo 10. Ta fuskar lafiya, amfanin barin taba ya fi illar waɗannan kilo nesa ba kusa ba. Amma wanda ya raina wannan damuwa bai saurari mashayi ba, kuma mutane da dama, musamman mata, a kanta suke komawa.

Waɗanne magunguna ake da su yanzu, kuma yaya ƙarfinsu?

Mafi daɗewa a yawancin ƙasashe shi ne madadin nikotin, wato a ba jiki nikotin ba tare da hayaƙi ba, sannan a riƙa ragewa. Tarihinsa ya faro ne a Suwidin, inda aka lura cewa sojojin jirgin ruwa mai nutso, da yake an hana su kunna sigari a ciki, suna komawa ga tabar da ake sawa a baki. Daga nan wani masanin haɗa magunguna mai suna Ove Fernö ya ƙirƙiro cingam ɗin Nicorette. Amurka ta amince da cingam ɗin a 1984, ta amince da filastar da ake mannawa a fata a 1991. Yanzu akwai na tsotsa da na fesawa a baki. Filasta tana sakin nikotin a hankali tsawon yini, su kuma cingam da na tsotsa na lokacin da sha'awa ta taso ne, shi ya sa haɗa biyun ya fi amfani da ɗaya.

Sai ƙwayoyin da babu nikotin a cikinsu. Bufurofiyon, wanda aka sani da Zyban, asalinsa maganin ciwon damuwa ne, aka lura masu shansa suna rage sha'awar taba, aka amince da shi don wannan aiki a 1997. Ba a ba mai farfaɗiya. Bareniklin, wato Champix ko Chantix na kamfanin Pfizer, ya fito a 2006. Yana zama a gurbin da nikotin ke zama a ƙwaƙwalwa, ya ɗan motsa shi don a sami sauƙi, ya kuma tare ƙofa ta yadda ko an kunna sigari ba a jin daɗinta kamar da. Mako 12 ake shansa, ana farawa kamar mako guda kafin ranar bari.

Na ƙarshe shi ne sitisin, kuma labarinsa abin takaici ne. Daga irin wata bishiya ake samunsa, kuma tun 1964 ake sayar da shi a Bulgeriya da sunan Tabex. Mutanen Gabashin Turai sun yi shekaru da dama suna amfani da shi, sauran duniya ba ta waiwaye shi ba. A 2011 aka wallafa gwajin da aka yi a Polan da mutum 740: bayan shekara guda, kashi 8.4 na waɗanda suka sha shi ba su koma ba, a kan kashi 2.4 na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta. Kwana 25 kacal ake shansa, yana aiki irin na bareniklin, wanda ma daga tsarin sitisin aka ɗauko dabararsa, kuma haɗa shi ba shi da tsada. Duk da haka sai a 2024 ya shiga kasuwar Birtaniya, ƙasashe da yawa kuma har yau ba a yi masa rajista ba.

Game da ƙarfi, ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje sama da 300 a 2023. A taƙaice, cikin mutum 100 da suka yi yunƙurin bari ba magani, kamar 6 ne suke kai wata shida. Da madadin nikotin iri ɗaya, kamar 9. Da iri biyu a haɗe, kamar 12. Da bareniklin ko sitisin, kamar 14. Idan aka haɗa magani da shawarar ƙwararre da ke bibiyar mutum, damar tana ƙaruwa.

Mutum 14 cikin 100? Ai wannan kaɗan ne.

Kaɗan ne, kuma bai kamata a ɓoye wa mashayi hakan ba. A nan ne ma darajar magani mafi inganci take fitowa. Mafi kyawun abin da ke hannu yau yana barin sama da mutum 80 cikin 100 su koma cikin wata shida. Mashayin da ya ji wannan lissafi ya yi jinkirin zuba kuɗinsa, ba rashin hankali ya yi ba. Ya taɓa saye, ya taɓa komawa, ya san zafin asara biyu, ta kuɗi da ta mutunci a idon iyalinsa.

Amma a duba ta ɗaya gefen. Daga 6 zuwa 14 an ninka damar fiye da sau biyu, kuma ba sau ɗaya ake gwadawa a rayuwa ba. Wanda zai yi yunƙuri goma, in kowane yunƙuri da magani ya yi shi, zai isa da wuri da shekaru.

Idan suna daraja magani haka, me ya sa 'yan kaɗan ne suke amfani da shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina. Ko a Amurka, cikin waɗanda suka yi yunƙurin bari a 2022, ƙasa da huɗu cikin goma ne suka yi amfani da magani ko shawarar ƙwararre. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta ce kashi 70 cikin 100 na masu son bari ba su da hanyar samun taimako mai inganci. Kusan kashi 80 na masu amfani da taba suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, inda sau da yawa maganin ba ya nan kwata-kwata, ko yana nan amma ba a san shi ba. Sigari kuwa ba a neman ta, ita take samun mutum.

Inda maganin yake, akwai tsoro. Mutane da yawa sun ɗauka nikotin ne ke kawo ciwon daji, don haka suna ganin filasta da cingam guba ce a sabuwar riga. Har likitoci ba su tsira ba: wani bincike a Amurka a 2020 ya gano kusan kashi 80 na likitocin da aka tambaya suna da wannan fahimta. Gaskiyar ita ce nikotin shi ke ɗaure mutum, amma ɓarnar tana zuwa ne daga hayaƙin, mai ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu masu jawo ciwon daji. Tun 1976 likitan nan na Birtaniya Michael Russell ya faɗa cewa mutane don nikotin suke shan taba, amma kwaltar hayaƙin ce take kashe su.

Akwai kuma kunya da girman kai. An saba ɗaukar barin taba a matsayin gwajin jarumta, sai mutum ya ga in ya nemi magani ya amsa cewa shi rago ne. Babu wanda yake jin kunyar shan maganin hawan jini, amma ga taba sai a ce ai zuciya ce. Wannan magana ta cuci mutane da yawa.

Na ƙarshe, rashin iya amfani da shi. Cingam ɗin nikotin ba a tauna shi kamar na yara. Ana taunawa kaɗan har a ji yaji-yaji, a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya lafa a sake taunawa. Wanda bai sani ba zai tauna da sauri ya haɗiye yawun, ya sami shaƙuwa da ƙwannafi, ya yanke hukuncin cewa maganin banza ne. Wasu kuma suna ajiyewa bayan mako guda don sun ji sauƙi, alhali mako 8 zuwa 12 ake so.

Amma mai kuɗin sigari kullum ai yana da kuɗin magani?

A lissafin shekara, e. A lissafin aljihu, a'a. Sigari kaɗan-kaɗan ake biyanta, yau kwali, gobe kwali, wani wurin ma kara-kara, kuma tana biyan buƙata nan take. Magani kuwa yakan nemi kuɗin makonni a dunƙule, a kan abin da ba a da tabbacin zai yi aiki. Ga wanda abin hannunsa bai wuce na yini ba, wannan babban shinge ne, kuma talakawa su ne suka fi shan taba a yawancin ƙasashe.

Abin da ke faruwa idan aka cire shingen shi ne hujja mafi ƙarfi da na sani. A Yulin 2006 jihar Masacusets ta Amurka ta sa magungunan barin taba da shawarwari cikin inshorar lafiyar marasa ƙarfi, mutum ya biya dala 1 zuwa 3 kawai. Cikin shekara biyu da rabi, mashaya sama da 70,000 suka karɓa, fiye da kashi ɗaya cikin uku na duk mashayan da ke cikin shirin. Yawan masu shan taba a cikinsu ya sauka daga kashi 38 zuwa 28. A Holan an sa maganin cikin inshora a 2011, masu nema suka yi tururuwa, aka cire a 2012, suka ragu, aka mayar a 2013. Mutanen nan ba sha'awar bari aka ƙirƙira musu ba. Tana nan tun da, ƙofa aka buɗe mata.

Akwai mashayan da suka taɓa sa kuɗinsu da kansu a kan alkawarin bari?

Akwai. A tsibirin Mindanawo na Filifin, wasu masana sun haɗa kai da wani banki suka buɗe asusu na musamman. Mashayi zai riƙa zuba kuɗinsa har wata shida, sannan a gwada fitsarinsa. In babu alamar nikotin a mayar masa da kuɗinsa, in akwai a ba da su sadaka. Babu riba, babu kyauta. Duk da haka kusan kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tayin suka shiga. Da yawansu sun rasa kuɗin, amma rukunin da aka yi wa tayin ya fi sauran yawan masu bari. Ka yi tunanin mutumin da ya ɗaure kansa da igiyar da shi ya saya, don ya san gobe zuciyarsa za ta ci amanarsa.

A Amurka an yi makamancin haka da ma'aikatan kamfanin sayar da magunguna na CVS da iyalansu, aka wallafa a 2015. Wasu an yi musu tayin kyautar dala 800 in sun bari. Wasu an ce su ajiye dala 150 tasu, in sun bari a mayar musu a ƙara da 650. Kashi 90 suka karɓi tayin farko, ƙasa da kashi 14 suka karɓi na biyu. Amma cikin waɗanda suka yarda suka ajiye kuɗinsu, fiye da rabi sun kai wata shida, a kan kusan kashi 17 na masu jiran kyauta. Wani ɓangare na wannan tazara ya zo ne daga cewa masu ajiye kuɗin dama sun fi shiri. Abin da na karanta a ciki shi ne yawancin mashaya ba ƙaunar bari suka rasa ba, amincewa da kansu suka rasa. Wanda ya faɗi sau goma ba ya son sa jingina a kan na sha ɗaya.

Biyan mutum don ya bar abin da ke cutar da shi, adalci ne?

Na san masu ƙin wannan, kuma na fahimce su. Amma yana aiki. A kamfanin General Electric na Amurka an ba ma'aikata har dala 750, sai kashi 14.7 suka bari a kan kashi 5 na waɗanda ba a ba komai ba. A Gilasgo ta Sikotilan an ba mata masu ciki takardun sayayya na har fam 400, sai kashi 22.5 suka bari a kan 8.6. Idan na tuna cewa a cikin kowace daga matan nan akwai jaririn da bai zaɓi hayaƙi ba, sai in ga kuɗin bai kai abin da aka saya da shi ba.

Na ji an ce Champix yana taɓa ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne?

A 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai tsanani a kwalinsa saboda rahotannin sauyin hali da tunanin kashe kai. Daga baya aka yi babban gwaji da mutum sama da 8,000, rabinsu masu tarihin larurar ƙwaƙwalwa, aka wallafa a 2016. Ba a ga ƙarin haɗari mai yawa a kan filasta ko ƙwayar da babu magani ba, sai aka cire gargaɗin a ƙarshen shekarar. Abin da aka fi samu shi ne tashin zuciya, wajen mutum uku cikin goma, da mafarkai masu yawa. Shan sa bayan cin abinci da kofin ruwa cike yana ragewa. A 2021 kamfanin ya janye shi daga kasuwa saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a ciki, amma wasu kamfanoni suna yin irinsa yanzu. Duk wanda ya ji halinsa ya sauya yana kan magani, ya koma wurin likita ba tare da jinkiri ba.

Sigarin lantarki fa?

A nan masana sun rabu. A wani gwaji a Ingila da aka wallafa a 2019, kashi 18 na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun kai shekara ba taba, a kan kusan kashi 10 na masu madadin nikotin. Sai dai takwas cikin goma na waɗanda suka bari da shi suna nan suna zuƙarsa bayan shekarar. Birtaniya tana amfani da shi a shirye-shiryenta na barin taba. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa shi cikin magungunan da ta ba da shawara a ƙa'idojinta na Yulin 2024 ba, tana kuma nuna damuwa kan yadda yake kama yara. Wanda bai taɓa shan taba ba, babu abin da zai kai shi kusa da shi.

Na haura 50. Akwai sauran amfani?

Akwai. Likita Richard Doll da abokan aikinsa sun bi rayuwar likitocin Birtaniya daga 1951 zuwa 2001. Mashaya sun rasa kusan shekara 10 na rayuwa. Wanda ya bari yana da 30 ya dawo da kusan duka goman, mai 40 ya dawo da 9, mai 50 ya dawo da 6, mai 60 ya dawo da 3. Wasu amfanin ma ba sai an jira shekaru ba: cikin kwana ɗaya ko biyu iskar guba ta hayaƙi tana barin jini, cikin makonni numfashi yana sauƙi.

Ina da ɗan'uwa mai sha. Me zan yi masa?

Kada ka fara da wa'azin illa, ya fi ka sanin tarin da ke tashinsa da asuba. Ka tambaye shi sau nawa ya gwada, kuma me ya mayar da shi. Za ka yi mamakin amsar. Ka raka shi wurin likita ko mai ilimin magunguna, a duba wanda ya dace da shi, musamman in yana da ciwon ƙoda ko farfaɗiya, ko mace ce mai ciki ko shayarwa. In kana da hali ka ɗauke masa kuɗin makonnin farko. Ka yi haƙuri da fushinsa a makon farko. In ya koma, kada ka ce dama na sani.

Shi kawun naka ya bari?

Ya bari, amma bayan shekara 16 da daren tocilar. Lokacin na girma ina aiki, na kai shi wurin wani likita da ya zauna da shi kusan rabin awa, ya rubuta masa filasta da cingam, ya nuna masa yadda ake tauna shi. Karon farko ya kai wata biyu ya koma, ranar da aka yi masa rasuwa. Ya ɓoye min har mako uku. Da na gane, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, na ɓata maka kuɗi." Na ce, "Kawu, wata biyun nan ka taɓa yin irinsu?" Ya ce bai taɓa wuce kwana huɗu ba. Muka koma wurin likitan.

Bai sayar da babur ɗin ba, kuɗin maganin duka bai kai nan ba. Yanzu shekararsa tara rabonsa da ita. Har yau idan ya gama cin abinci hannunsa yakan tafi aljihun gaban rigarsa, ya shafa, ya dawo.